Ilmin Ɗiyauci a Allon Kwamfuta: Sharhi a kan Ra'ayoyin Nussbaum da Zakaria

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wata da'awa wadda ta samo asali daga jami'o'in Amurka, ta kuma fara ratso namu jami'o'in. Da'awar kuwa ita ce, ana iya koya wa ɗalibi manyan matsalolin duniya, irin su sauyin yanayi da yunwa da ƙaura da annoba, ta hanyar haɗa fannonin ilmi dabam-dabam wuri guda, kuma ana iya yin wannan aiki ta intanet ba tare da malami da ɗalibi sun taɓa haɗa ido ba. Za mu auna wannan da'awa ta hanyar duba littattafai biyu waɗanda suka yi tashe a kan batun. Na farko shi ne Not for Profit na Martha Nussbaum, malamar falsafa a Jami'ar Shikago, wanda ya fito a 2010. Na biyu shi ne In Defense of a Liberal Education na ɗan jarida Fareed Zakaria, wanda ya fito a 2015. Bayan mun kawo ra'ayin kowannensu, za mu gwada shi da abin da ya faru a zahiri, sa'an nan mu ga darasin da ke ciki ga mu masu koyar da harshe da adabi da al'ada.

2.0 Ma'anar Ilmin Ɗiyauci

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kalma. Sunan da Turawa suka ba wannan nau'in karatu ya fito ne daga wata kalmar Latin mai nufin ɗa, watau wanda ba bawa ba. Saboda haka a wannan maƙala za mu kira shi ilmin ɗiyauci. A wurin Girkawa da Rumawa shi ne karatun da ya cancanci mutumin da zai tsaya a dandali ya yi magana a kan sha'anin garinsu. A ƙarni na 5 wani marubuci mutumin Arewacin Afirka, Martianus Capella, ya jera fannoninsa guda bakwai, waɗanda daga baya aka kasa su gida biyu. Gida na farko ya ƙunshi nahawu da manɗiƙi da balaga. Gida na biyu ya ƙunshi hisabi da lissafin siffofi da ilmin taurari da ƙa'idojin kiɗa. A yau kuwa Amurkawa suna amfani da sunan ga tsarin digiri na shekara huɗu inda ɗalibi zai ɗanɗani tarihi da adabi da falsafa da kimiyya da nazarin zamantakewa kafin ya tsaya a kan fanni guda.

Akwai abu ɗaya a cikin wannan tarihi da bai kamata a manta da shi ba. Ɗan da ake magana a kansa ya sami sukunin karatu ne domin akwai bayi da ke yi masa aiki. Kalmar da Turawa ke kiran makaranta da ita ma daga kalmar Girkanci mai nufin hutu ta samo asali. Za mu dawo kan wannan batu, domin mafi yawan masu karatu ta intanet ma'aikata ne da iyaye, kuma lokaci shi ne abin da suka fi ƙaranci.

3.0 Ra'ayin Nussbaum

Nussbaum ta gina littafinta a kan koke. A ganinta gwamnatocin duniya sun mai da makaranta wurin kiwon ma'aikata don bunƙasa tattalin arziki, sun yi watsi da fannonin da ke raya tunani, kuma idan aka ci gaba a haka mulkin dimokuraɗiyya zai rasa mutanen da za su riƙe shi. Tun a littafinta na 1997, Cultivating Humanity, ta ware ƙwarewa uku da take ganin ilmin ɗiyauci ke bayarwa. Ta farko ita ce iya bincikar kai da al'adun da mutum ya gada, kamar yadda Sukurat ya riƙa yi wa mutanen Atina tambayoyi. Ta biyu ita ce mutum ya ɗauki kansa ɗan duniya baki ɗaya, wanda ya san wani abu game da tarihi da addini da tattalin arzikin wasu al'ummu. Ta uku ita ce iya sa kai a matsayin wani, wadda ake samu ta hanyar karanta labari da waƙa da kallon wasan kwaikwayo.

Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne, ta nuna cewa ƙwarewar nan uku ba a haddace su, sai dai a saba da su. Shi ya sa ta dage a kan ƙananan azuzuwa inda ɗalibai za su yi muhawara, malami kuma ya karanta rubutun kowa ya mayar masa da gyara. Ta kafa hujja da John Dewey na Amurka da kuma Rabindranath Tagore na Indiya, wanda ya buɗe makarantarsa a Santiniketan a 1901, inda waƙa da rawa da wasan kwaikwayo suke cikin jigon karatu.

To amma littafin yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, irin ajin da take so yana da tsada ƙwarai, kuma ba ta tsaya sosai a kan yadda jami'ar da ke da ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda za ta samar da shi ba. Na biyu, silsilar magabatan da ta kawo ta taso ne daga Sukurat, ta biyo ta kan Rousseau da Pestalozzi da Froebel da Dewey, ta ƙare a kan Tagore. Mai karatu ba zai gane daga wannan jeri cewa nahawu da manɗiƙi da balaga sun yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da su a Bagadaza da Alƙahira da Fas da Timbuktu da Katsina ba. Ga littafin da ke kiran mutane su zama 'yan duniya, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

4.0 Ra'ayin Zakaria

Zakaria ya shigo ta wata ƙofa dabam. An haife shi a Mumbai a 1964, ya tashi cikin tsarin karatu na hadda da jarrabawa, sa'an nan ya tafi Jami'ar Yale, inda ya tarar da 'yancin zaɓar darussa. Amfanin ilmin ɗiyauci a wurinsa uku ne: yana koya wa mutum rubutu, da magana, da yadda zai ci gaba da koyo. Inda Nussbaum ta ƙi auna ilmi da riba, shi Zakaria ya karɓi ma'aunin, ya ce ai ko a kasuwar aiki wanda ya iya tunani da rubutu shi ke daɗewa, domin sana'ar da aka koya yau tana iya tsufa gobe.

Abin da ya fi shafar mu a littafinsa shi ne amsar da ya bayar ga matsalar tsada. Ya ɗora fata a kan abubuwa biyu. Ɗaya shi ne kwalejin da Yale da Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka buɗe tare a 2013, wadda manhajarta ta haɗa littattafan Gabas da na Yamma. Ɗayan kuma shi ne buɗaɗɗun kwasa-kwasai na intanet waɗanda kowa ke iya shiga, da Turawa ke kira MOOC, mu kuwa za mu kira su karatun gayya. A 2012 ne malamai biyu na Jami'ar Stanford, Andrew Ng da Daphne Koller, suka kafa Coursera, a wannan shekara kuma Harvard da MIT suka kafa edX. Zakaria ya yi hasashen cewa ta wannan hanya yaron da ke lungun duniya zai saurari malamin da a da sai ɗan gata ke iya zama a gabansa.

Lalle wannan fata abin yabo ne, kuma ya fi na Nussbaum kula da wanda ba shi da hali. Sai dai an ce rana ba ta ƙarya. Shekarun da suka biyo baya sun ba mu damar auna hasashen.

5.0 Abin da Ya Faru a Zahiri

A watan Janairu na 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente a kan kwasa-kwasan Harvard da MIT da ke edX, daga 2012 zuwa 2018, wanda ya shafi mutum miliyan 5.63. Sun gano cewa fiye da rabin waɗanda suka yi rajista ba su taɓa buɗe darasi ko ɗaya ba, kuma a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka kammala. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ƙaruwar ɗalibai ta fi yawa ne a ƙasashe masu arziki. Watau gayyar da aka kira don wanda ba shi da gona, masu gona ne suka fi amsa ta. A 2021 aka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a 2024 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Ita ma kwalejin Singafo an ba da sanarwar rufe ta a 2021, ta yaye ɗalibanta na ƙarshe a 2025.

Ban da alƙaluma, akwai wata taƙaddama da ta fito da zuciyar matsalar. Michael Sandel na Harvard yana da shahararren kwas a kan adalci, wanda aka sa a edX a 2013. Kwas ne mai kyau ƙwarai. Yana farawa da tambayar ko ya halatta a kashe mutum ɗaya don a ceci biyar, ya kawo shari'ar da aka yi a Ingila a 1884 ga matuƙan jirgin ruwa da suka cinye yaron jirginsu don yunwa, sa'an nan ya bi ta kan Bentham da Mill da Kant da Rawls da Aristotal. Da aka nemi sashen falsafa na Jami'ar Jiha ta San Jose ya yi amfani da shi, sai malaman suka ƙi, suka rubuta wa Sandel buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Afrilu na 2013. Hujjarsu ita ce za a wayi gari da jami'o'i iri biyu: ta masu hali, inda ɗalibi ke da malami a gabansa, da ta talakawa, inda ɗalibi ke kallon hoton wasu suna muhawara. Sun kuma nuna tsoron a ce kwas guda a kan adalci shi ake koyarwa ko'ina a ƙasa. Sandel ya amsa cewa ba ya son a yi amfani da laccocinsa a raunana abokan aikinsa na wasu jami'o'i.

A nan hujjar Nussbaum ta rinjayi ta Zakaria. Abin da ya sa kwas ɗin Sandel ya yi armashi shi ne yadda yake nuna ɗalibi, ya tambayi sunansa, ya juya masa maganarsa har ya ga inda ta karye. Mai kallo daga nesa yana ganin ana yi wa wani wannan aiki, amma shi ba a yi masa ba. Kallon kokawa bai taɓa sa mutum ya iya kokawa ba.

6.0 Gwaji da Tafkin Chadi

Ba duk karatun intanet ne na gayya ba. Akwai jami'o'in da ke ba da cikakken digiri ta intanet, da malami mai duba aikin ɗalibi. Wasunsu, kamar Jami'ar Southern New Hampshire, sun tsara darussansu na gama-gari a kan abin da suka kira tabarau huɗu: tarihi, da adabi da fasaha, da kimiyya, da nazarin zamantakewa. Ɗalibi zai zaɓi wata matsala ta duniya ya dube ta da kowane tabarau, cikin zango na mako takwas. Bari mu gwada wannan tsari da matsalar da ke kusa da mu, wadda kuma ta zama misali na kullum a darussan sauyin yanayi, watau Tafkin Chadi.

Tabarau na kimiyya zai gaya wa ɗalibi cewa faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, cewa ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan faɗi a fari na shekarun 1970 da 1980, kuma mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa. Tabarau na tarihi zai ambaci daular Kanem-Borno da kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964. Na zamantakewa zai yi magana a kan ƙaura da rikici. Duk wannan daidai ne, kuma ɗalibin da ya san shi ya fi wanda bai sani ba.

To amma akwai abubuwa biyu da wannan tsari ke saurin tsallakewa. Na farko, hotunan tauraron ɗan Adam da aka saba nunawa, na tafki yana ƙanƙancewa, sun tsaya ne a kan wani zamani. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, yana dai cika yana ja ne daga shekara zuwa shekara. Masunta da manoma na wurin sun daɗe da sanin haka, domin idan ruwa ya ja sukan shuka masara da wake a gurbinsa, idan ya dawo su koma kamun kifi da yin banda. Ɗalibin da ke da mako ɗaya ga kowane tabarau ba shi da lokacin da zai tuhumi hoton da aka ba shi, ga shi kuwa tuhumar nan ita ce ƙwarewa ta farko a jerin Nussbaum.

Na biyu, tabarau na adabi shi ne ya kamata ya kawo muryar mutanen da abin ya shafa, amma muryar tana cikin Barebarci da Budumanci da Larabcin Shuwa da Hausa, kwas ɗin kuwa da Ingilishi ake yin sa. Abin da ba a fassara ba, tamkar babu shi ne a wurin ɗalibin. Hausawa, alal misali, suna sa wa yunwa suna, kamar yadda suka kira ta 1914 Kakalaba, kuma dattawa kan ƙirga shekarun haihuwa da aure daga irin waɗannan sunaye. Michael Watts bai iya rubuta littafinsa na 1983, Silent Violence, a kan yunwa a ƙasar Hausa ba sai da ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya saurari manoma. Sakamakon da ya fito da shi, cewa ƙarancin ruwan sama kaɗai ba ya bayyana yunwa sai an haɗa da haraji da kasuwa da bashi, ya fito ne daga wannan zama. Saboda haka matsalar duniya da aka koya da harshe guda takan zama labarin da masu wannan harshe ke bayarwa game da sauran mutane.

7.0 Darasi Gare Mu

Wannan batu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 1960 Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta ɗauko darussan gama-gari daga tsarin Amurka, ta hannun Jami'ar Jihar Mishigan, daga baya kuma suka zama wajibi a dukkan jami'o'inmu. Karatu daga nesa ma mun san shi: an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Kowane malami ya san yadda darussan gama-gari suka koma a wurare da yawa: zaure cike maƙil, da jarrabawar canki-canka a kwamfuta. Duk wanda ya ce intanet ce za ta lalata wannan karatu, to, ya manta cewa ɗalibin da ke layi na ƙarshe a irin wannan zaure ya riga ya yi nisa da malaminsa. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, na ci gaba da wani ƙaramin aji na ɗaliban babban digiri ta WhatsApp, sai na ga waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba, musamman matan aure, suna aiko da saƙon murya mai tsawo cikin dare bayan sun gama hidimar gida. Wannan ya nuna mini cewa Zakaria yana da gaskiya ta wani ɓangare: na'ura na iya samar wa wanda ba shi da hutu ɗan sukunin da ilmin ɗiyauci ke bukata. Amma abin ya yiwu ne domin ajin ƙarami ne, na san kowa da sunansa, kuma da Hausa muke yi.

Har wa yau muna da gadon da za mu duba. A makarantar zaure ɗalibi ke jan baƙi, malam yana fassara masa da Hausa ko Fulatanci, kowa da littafinsa, kowa da saurinsa, in ya sauke a ba shi ijaza mai ɗauke da sunayen malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu a cikin Ida'un Nusukhi, kuma nahawu da sarfu da balaga da manɗiƙi suna ciki. Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi. Ba muna cewa zaure ba shi da aibi ba, domin ladabin da ake bukata a gaban malam yakan hana irin gardamar da Sukurat ya koyar. Amma ya riƙe abubuwa biyu da karatun gayya ya saki: malamin da ya san ɗalibinsa, da fassarar ilmin waje zuwa harshen gida.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Idan sassan harsunan Nijeriya suka yi sakaci, abu mafi sauƙi ga hukumomi shi ne su cike wannan gurbi da shiryayyun kwasa-kwasai daga waje, domin sun fi arha. Shawararmu ita ce a karɓi laccar waje a matsayin littafi, wanda ake karantawa a kuma yi masa gardama, malamin gida ya ci gaba da zama malami. A ajiye rukunin ɗalibai ƙarami, ko da ta waya ce. A kuma wajabta wa ɗalibin da ke nazarin fari ko ƙaura ko annoba ya kawo shaida ɗaya aƙalla daga bakin mutanen garinsu, da harshensu, ya fassara ta ya auna ta da abin da littafi ya ce.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa Nussbaum ta bayyana abin da ilmin ɗiyauci ke bukata amma ba ta nuna yadda talaka zai same shi ba, Zakaria kuwa ya nuna hanya mai arha amma shekaru goma da suka biyo baya ba su gaskata hasashensa ba. Gwajin da muka yi da Tafkin Chadi ya ƙara fito da abin da dukkansu biyu ba su ba shi haƙƙinsa ba, watau harshen da ake yin karatun da shi. Ana iya nazarin matsalolin duniya ta intanet, muddin akwai malamin da zai amsa wa ɗalibi, da lokacin da ɗalibi zai tuhumi abin da aka ba shi, da kuma gurbin da mutanen da matsalar ta shafa za su yi magana da bakinsu. Aikin tattara wannan magana da fassara ta da shigar da ita manhaja yana kan sassan harsuna, kuma kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i shi ne wurin da ya kamata a fara shi.